DAGA BAKIN ALLO: Ranar da waƙa ta shiga fagen fama

Yau sai ku yi mini afuwa, domin zancen jarrabawa da ƙarancin kujerun aji da na saba kawo muku na ajiye su gefe. Zancen majigin zane na zo da shi, irin wanda yawancinmu muke ɗauka abin yara ne, kuma ni kaina haka nake ɗaukarsa har zuwa hutun da ya gabata.

Ga yadda aka yi. Wata ranar Laraba ina tsakiyar darasin lissafi, sai na hangi wani yaro a layin baya ya sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san ma'anar wannan sunkuyo. Na taka a hankali na miƙa hannu, ya ba ni wayar salula jiki na rawa. Bayan an tashi na kira shi na ce, "Me kake kallo da har ya fi abin da nake koya maka?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, wani yaƙi ne da aka ci da waƙa." Na yi dariya, na ce ya zo da mahaifinsa ya karɓi wayar. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Da aka yi hutu na sa ƙanena ya nemo mini shirin, na zauna na kalle shi kashi 36 cif, ina bin fassarar da aka rubuta a ƙasan hoto.

Sunan shirin Macross. A ƙasar Japan aka yi shi, aka fara nuna shi a talabijin ɗinsu cikin watan Oktoba na 1982, ya ƙare a watan Yuni na 1983. Irin wannan majigin zane su Japanawa suna kiransa anime, kuma a wurinsu manya ma suna kallo. Wanda ya ja ragamar aikin shi ne Noboru Ishiguro, amma mafi yawan masu zanen samari ne. Shoji Kawamori, wanda ya zana jiragen yaƙin kuma yana cikin waɗanda suka ƙago labarin, a 1960 aka haife shi, wato shekarunsa 22 kacal a lokacin.

Labarin ya fara ne da wani ƙaton kumbo, tsawonsa ya kai mita 1,200, wanda ya faɗo daga sararin samaniya a 1999 kan wani tsibiri a tekun Fasifik, ba kowa a cikinsa. Mutanen duniya suka shekara 10 suna gyara shi, har gari ya kafu a gefensa, da kasuwa da gidajen abinci. A 2009, ranar bikin tayar da shi, sai ga wasu halittu da ake kira Zentradi sun biyo sawun kumbon, domin na abokan gabansu ne. Kyaftin ɗin kumbon ya yi ƙoƙarin tserewa ta hanyar wata na'ura mai naɗe nisan tafiya, wadda ba su gama sanin kanta ba. Garin neman gira aka rasa ido: na'urar ta kwashe kumbon da tsibirin da dubban fararen hula ta jefa su can kusa da Fuluto, ita kuma ta ɓace. Dole aka kwashe jama'a aka sake gina garinsu a cikin kumbon, aka kama doguwar hanyar komawa gida, abokan gaba na biye.

Abin da ke jan yara tun farko shi ne jiragen yaƙin, waɗanda ake kira Valkyrie. Kawamori ya ɗauko siffarsu daga jirgin yaƙin Amurka F-14, amma nasa yana rikiɗa kashi uku: jirgi sak, sai jirgi mai ƙafafu da hannuwa, sai ƙaton mutum-mutumi mai riƙe da bindiga. An ba da dalilin haka a cikin labarin: su Zentradi ƙatti ne, tsayinsu ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, don haka sai da irin wannan ƙarfe za a iya tsayawa gaba da gaba da su. Kumbon kansa yakan rikiɗa ya zama mutum-mutumi idan zai harba babbar bindigarsa, kuma duk lokacin da ya yi haka titunan garin da ke cikinsa sukan tsage, gidaje su rushe a kan masu su. Wannan ya burge ni, domin ba kasafai masu shirya labarin yaƙi suke tuna talakan da bango ke faɗa wa ba.

To amma inda na gyara zama shi ne lokacin da aka fara nuna rayuwar su Zentradi. Ba haihuwarsu ake yi ba, ƙera su ake yi a cikin na'ura domin yaƙi kaɗai. Maza daban, mata daban, ba sa haɗuwa. Ba su san uwa ba, ba su san biki ba, ba su taɓa jin waƙa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, jiragen da suke tuƙawa ba su iya gyara su ba. In abu ya lalace sai dai a ci gaba da amfani da shi a haka ko a yar. Waɗanda suka ƙirƙire su tun da can sun hana su duk wani sani da ba na kisa ba, saboda sun san sojan da ya san daɗin zaman gida wata rana zai tambayi dalilin da ya sa ake tura shi ya mutu.

A cikin garin da ke cikin kumbo kuwa akwai wata yarinya mai suna Lynn Minmay, mai hidima a gidan abincin danginta, wadda ta ci wata gasa ta zama mawaƙiya. Su Zentradi suna kama hotunan talabijin ɗin kumbon, suka kasa gane abin da suke gani. Suka rage girman sojojinsu uku, suka tura su leƙen asiri cikin garin. Da ƴan leƙen asirin suka koma, suka tafi da ƴan tarkace a ɓoye, har da ƴar tsana mai rera waƙar Minmay. Nan fa abin ya bazu a sansani kamar wutar daji. Ƙatti masu rusa duniyoyi suka koma taruwa a lungu suna sauraron ƴar tsana, wasu suka fara gudu suna neman mafaka wurin waɗanda aka aiko su hallakawa. Wata jarumarsu mai suna Milia, wadda ta shigo domin ta kashe matuƙin jirgin da ya kayar da ita a fagen fama, a ƙarshe shi ta aura.

Da babban kwamandansu ya ga haka, sai ya yanke shawarar cewa wannan cuta ce, maganinta a shafe duniya da duk sojan da ya kamu. A kashi na 27 ya iso da jirage fiye da miliyan 4. Nan ne aka yi abin da ɗalibina yake nufi: aka watsa waƙar Minmay da hotonta cikin dukkan jiragen abokan gaba, suka rikice, kumbon Macross da Zentradi da suka koma gefen mutane suka kutsa suka hallaka kwamandan.

Sai dai yaron bai gaya mini rabin labarin ba. Kafin a fara waƙar, an riga an yi wa duniya ruwan wuta, kusan dukkan ƴan Adam sun mutu. Ita waƙar ma, in mun faɗi gaskiya, makami aka mayar da ita: an ruɗa mutane da ita ne domin a sami damar harbinsu. Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan. Tarihinmu ya san tambari da kakaki da kirari, ya san maroƙin da zai zuga namiji har ya faɗa inda ba zai dawo ba. Harshen da ke lallashi shi ne ke zuga, sai dai a duba hannun wanda ya riƙe shi.

Kashi 9 na ƙarshe su ne suka fi mini komai, ko da yake na ji yara suna cewa nan ne shirin ya yi sanyi. An tsallaka shekara 2 bayan yaƙi. Duniya ta zama kufai, waɗanda suka tsira suna ta gini, su Zentradi kuma an zaunar da su cikin jama'a. Wasu sun koyi aiki sun natsu. Wasu kuwa zaman ya gundure su, domin hannun da bai san komai ba sai kunamar bindiga bai san abin da zai yi da safiya ba. Suka fara fashe-fashe, suka bi wani tsohon kwamanda mai suna Kamjin suka koma daji. Minmay na nan tana waƙa, amma waƙar da ta tsayar da jirage miliyan 4 ta kasa riƙe tsohon soja guda da ba shi da abin yi. Waƙa ta buɗe musu ƙofa, amma zama cikin ɗakin sai da sana'a da maƙwabci mai haƙuri. Duk ƙasar da ta taɓa karɓar makamai daga hannun mayaƙa ta san cewa ranar bikin sulhu ita ce mai sauƙi, wahalar tana farawa ne washegari. A ganina ba banza ba samarin da aka haifa bayan 1945, suka tashi a ƙasar da aka sake ginawa daga toka, suka ga ya dace su nuna wannan ɓangare.

Shirin ya yi ƴaƴa da jikoki. A 1984 aka yi masa fim na silima, inda aka nuna cewa waƙar da ta kawo ƙarshen yaƙi an tsinci baitocinta ne a kangon wani tsohon birni na waɗanda suka ƙirƙiri Zentradi, kuma da aka bincika, ashe waƙar soyayya ce ta yau da kullum da ake yayi a zamaninsu. Muryar Minmay kuwa ta Mari Iijima ce, wadda daga nan ta zama sananniyar mawaƙiya a zahiri. A 1985 wani kamfanin Amurka, Harmony Gold, ya haɗa Macross da wasu shirye-shiryen Japan guda biyu da ba su da alaƙa da shi, ya sauya sunaye, ya fitar da kashi 85 da sunan Robotech, kuma da wannan suna mutane da yawa a wajen Japan suka san shi. Rigimar haƙƙin mallaka da ta biyo baya ta daɗe tana hana sauran shirye-shiryen fita waje, sai a 2021 ɓangarorin suka sasanta. A Macross Plus na 1994 mawaƙiyar ma kwamfuta ce, wadda ta mallake hankalin jama'a da muryarta. Wanda ya ga abin da na'urori ke rerawa a yau zai ce kamar sun leƙo. Sai Macross 7 a shekarar nan ta 1994, da Macross Frontier a 2008, da Macross Delta a 2016.

Yanzu bari in dawo aji, domin in ba haka ba za ku ce malam ya zama ɗan kallo. A jadawalinmu akwai ɗan lokacin da aka ware wa waƙa da zane da aikin hannu. Ina shaida muku, kuma da kunya nake faɗa, shekaru da yawa ni ne na farko wajen cinye wannan lokaci da ƙarin lissafi idan jarrabawa ta ƙarato, iyaye kuma suna yaba mini. Da na ga waɗancan ƙatti masu iya tuƙa jirgi amma ba su iya ɗaure ƙusa guda a jikinsa ba, sai na tuna ɗalibai nawa na yaye waɗanda suka iya amsa tambayar jarrabawa, amma ba su iya gyara ƙafar kujerar da suke zaune a kai ba, ba su iya tatsuniya guda da za su ba ƙannensu ba. Idan takarda ta ƙi ci, irin wannan yaro me ya rage masa? Kuma wa ke jiransa a bakin hanya da alkawarin kuɗi da babur? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba gefe ɗaya kaɗai ake tanƙwarawa ba.

Ba ina cewa a sakar wa yara waya su kwana suna kallo ba. Shirin nan akwai kisa a cikinsa, akwai kuma sha'anin soyayya da sutura irin ta wata al'ada da ba tamu ba, don haka uba ya fara gani kafin ɗansa ƙarami ya gani. Amma idan ka kama ɗanka yana kallon wani abu, kafin ka ɗaga murya ka tambaye shi me ya gani a ciki, domin amsarsa za ta nuna maka abin da yake nema wanda bai samu a wurinka ba.

Shi kuwa yaron nan, horonsa na nan daram, domin aji ba gidan kallo ba ne. Sai dai da aka koma makaranta na kira shi na ce na kalli shirinsa, na tambaye shi me ya sami Kamjin da mutanensa bayan an gama waƙa. Ya ce bai kai nan ba, ya tsaya a kashi na 27 tun da an ci yaƙi. Na ce ya je ya ƙarasa ranar Asabar, ya rubuto mini shafi guda a kan abin da ya fahimta. Lokacin aikin hannu kuma na mayar wa ajina, makon jiya ma kujeru huɗu muka gyara.