Kowa Ya Ci Ladan Kuturu, Tilas Ya Yi Masa Aski

Jama'a, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai ku ji manyan 'yan siyasa sun shiga zarya tsakanin Abuja da Ikko, a gana cikin dare, da safe a fito a ce an ƙulla ƙawance domin ceton talaka. Mu da ke zaune a Kurmi muna neman abinci, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun da Anacha da Fatakwal, mu ya kamata mu fi kowa sa ido a kan irin wannan ɗaurin aure, domin komai da kuɗi muke saye, ba mu da rumbu a bayan ɗaki. Magana ɗaya na zo da ita. Duk ƙawancen da aka ƙulla a kan rabon muƙamai, aka ƙi rubuta yadda za a yi ranar da baitulmali ya bushe, yaudara ce. Wanda kuwa ya sha romon gwamnati lokacin daɗi, ya zame jikinsa ranar wuya, bai cancanci a tafa masa ba. Hujjata tana cikin tarihin ƙasar nan, zamanin Jamhuriya ta Biyu.

A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari ya ci kujerar Shugaban Ƙasa, amma jam'iyyarsa ta N.P.N. ba ta sami rinjaye a Majalisar Tarayya ba. Cikin kujeru 95 na Majalisar Dattijai ta sami 36, cikin 449 na Majalisar Wakilai kuwa ta sami 168. Da wannan adadi ko kasafin kuɗi ba zai wuce ba sai da taimakon wani. Jam'iyyar N.P.P. ta Dakta Nnamdi Azikiwe, mai dattijai 16 da wakilai 78, ita ce ta amsa kira. Aka yi yarjejeniya, aka raba ganima. Cif Edwin Ume-Ezeoke ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, Mista John Wash Pam ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattijai, Farfesa Ishaya Audu ya karɓi Ma'aikatar Harkokin Waje, wasu kuma suka sami nasu kujerun minista.

Abin da jama'a suka gani ke nan. Ba su ga ranar da shugabannin jam'iyyun biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka ce ga abin da za mu rage, ga abin da za mu ajiye, idan kuɗin mai ya faɗi ba. Lokacin kuwa kasuwa na ci. Gangar ɗanyen manmu ta kai Dala 40, ajiyar ƙasa a waje ta kai kusan Dala miliyan dubu 10 a ƙarshen 1980, har aka zana shirin raya ƙasa na huɗu, na 1981 zuwa 1985, a kan Naira miliyan dubu 82. Da akushi ke cike, ba wanda ya tambayi wa zai wanke shi.

Ba a jima ba aka shiga zaman doya da manja. N.P.P. ta yi kukan ba a shawara da ita, ta kuma ƙi jinin jami'an da Shugaban Ƙasa ya naɗa su wakilce shi a jihohi. N.P.N. ta yi kukan 'yan majalisar abokiyar zamanta suna juya mata baya wajen jefa ƙuri'a, gwamnoninta kuma suna zama da gwamnonin adawa. Aka yi ta kai ruwa rana a kan dokar rabon arzikin ƙasa, wadda Kotun Ƙoli ta soke a watan Oktoba na 1981. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Duk wannan hayaniya a kan yadda za a raba kuɗi ce. Yadda za a tsare kuɗin bai dami kowa ba.

A farkon watan Yuli na 1981 N.P.P. ta ba da sanarwar wata shida cewa za ta fice. N.P.N. ta ce ba sai an jira ba, a raba gari yanzu. Ministocin N.P.P. suka ajiye aiki, amma Farfesa Ishaya Audu ya zaɓi ya zauna a gwamnati. A cikin wannan wata ɗin ne Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaban Ƙasa takarda yana gargaɗin cewa tattalin arziki ya doshi halaka. Manyan jami'an gwamnati suka fito suka ƙaryata shi. Kasuwa kuwa ba ta jin lacca. Man da ake haƙowa, wanda ya kai ganga miliyan 2 a kowace rana a watan Janairu, ya faɗi ƙasa da rabin haka a watan Agusta, har dole ta sa aka rage farashin ganga daga Dala 40 zuwa 36.

Me ya sa gwamnati ta musa abin da ke gaban idonta? A ganina, gwamnatin da abokin tafiya ya gudu ya bar ta tana jin tsoron a ga rauninta, ga zaɓen 1983 yana leƙowa. Maimakon ta ɗaure ta sha magani, sai ta shiga neman sababbin abokai ɗaya bayan ɗaya, abota irin wannan kuwa ba a yin ta da hannu biyu wayam. Sai a watan Afrilu na 1982, bayan wata tara, aka kai dokar tsuke bakin aljihu gaban Majalisa. Abin mamaki, cikin 'yan kwanaki ta wuce, alhali yarjejeniyar N.P.N. da N.P.P. ta daɗe da mutuwa. Ashe ƙuri'un suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ƙarfin halin da zai ce ni na kawo, ni zan ɗauki zagin.

Maganin da aka jinkirta ya zo da ɗaci biyu. Aka ƙara kuɗin fito, aka taƙaita shigo da kaya sai da lasisi, aka ɗaga litar man fetur daga kwabo 15.3 zuwa kwabo 20. Lasisin nan ya koma abin sakayya ga 'yan gaban goshi. Masana'antu a Ikeja da Apapa suka rasa kayan aiki suka shiga sallamar leburori, albashin Naira 125 da ma'aikata suka samu da yajin aikin 1981 ya narke a kasuwa, shinkafa da madara da sabulu suka yi ɓatan dabo. A watan Janairu na 1983 aka huce haushi a kan baƙi, aka kori mutum fiye da miliyan ɗaya, cikinsu har da mutanen Nijar da Cadi da Gana waɗanda iyayenmu ke sahu ɗaya da su a masallatan zango.

Wani zai ce ai N.P.P. ta kyauta da ta fita, tun da ba ta yarda da yadda ake tafiyar da mulki ba. To, wata 21 ministocinta suna cikin majalisar zartaswa lokacin da ake ɓarin kuɗi. Bayan rabuwar ma Kakakin Majalisa da Mataimakin Shugaban Dattijai suka ci gaba da zama a kujerunsu har 1983. Ta shiga sabon ƙawancen P.P.A. a 1982 tare da U.P.N. da ɓangarorin G.N.P.P. da P.R.P., suka cika gari da zagin tsuke bakin aljihu, amma ko ɗan takara guda suka kasa tsayarwa. Awolowo ya tsaya, Azikiwe ya tsaya. Ciwon da ya kashe ƙawancen farko shi ya kashe na biyu, wato wa zai hau kujera.

Ban ce ficewa daga gwamnati laifi ba ne. Akwai ficewa ta mutunci, misalinta kuwa sai mun leƙa ƙasar Indiya, inda gwamnatin gamayya ta zama ruwan dare. A watan Satumba na 2012 gwamnatin Firayim Minista Manmohan Singh ta ƙara Rufi 5 a kan litar man dizal, ta kuma yarje wa kamfanonin waje su mallaki kashi 51 cikin 100 na manyan kantuna. Mamata Banerjee, shugabar gwamnatin jihar Bengal ta Yamma, ta ce a soke ko ta fice. Aka ƙi, ta janye 'yan majalisarta 19, ministocinta suka ajiye aiki. Singh ya fito a talabijin ya kare matakinsa da bakinsa, gwamnatinsa ta rayu da goyon bayan wasu jam'iyyu har 2014, inda masu zaɓe suka kayar da ita. Ko ka goyi bayan wannan ko waccan, ka san a kan me suka rabu, ka kuma san wanda za ka kama.

Mu kuwa namu ya ƙare da kakin soja. N.P.N. ta sami rinjayen da take nema a zaɓen 1983, amma ranar 31 ga Disamba aka hamɓarar da ita. Gyaran da farar hula suka yi ta tura wa juna, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗora mana shi a 1986 da sunan S.A.P., babu majalisar da za a kai wa kuka.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar da masu ƙawance suka zo fadar Sarkin Hausawa neman ƙuri'a, ku karɓe su da mutunci, sannan ku nemi su nuna takarda. Me suka yarda a kai game da kuɗin man fetur, da darajar Naira, da cin bashi, da albashi? Idan kuɗin mai ya faɗi, me za a fara yankewa, alawus ɗinsu ko maganin asibiti? Da wane sharaɗi ɗayansu zai fice, in ya fice kuma zai sauka daga kujerun da ƙawancen ya ba shi? Wanda ya kasa amsawa, tuwo ya zo ci, kuma ranar aski ba za ku gan shi ba. Allah Ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, amin.