Ɗan shekara 12 da "tes" na balo: Baba, riƙe kuɗinka tukuna



Satin da ya wuce, na fito daga shirin wasanni ke nan sai wani dattijo ya tare ni a ƙofar gidan rediyo. Awaki biyu ya sayar, ya haɗa jika 40, zai kai ɗansa mai shekara 12 Damagaram, wai masu neman 'yan balo za su zo daga waje su yi "tes". A WhatsApp ya ji sanarwar. Ya ce, "Ɗana, mi ka gani?" Na ce, "Baba, riƙe kuɗinka tukuna."

Ga dalilina. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan lamurra, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don wani dalilin da ba balo ba. Kenan ko an zaɓi yaron nan gobe, saura shekara shida kafin ya taka jirgi ta halal. To kuɗin mene ne ake karɓa yau? Wanda ya ce zai bi ta bayan doka, ku tuna da 2015, lokacin da aka gano yaran Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Laberiya, da aka kwasa zuwa ƙasar Lawos da sunan makarantar ƙwallo, suka ƙare suna kwana a ƙasa cikin filin wasa.

Na biyu, a shekara 12 jiki ake gani, ba gwaninta ba. Wanda ya riga tsaransa girma shi ake ɗauka. Ƙaramin da ya fi su kai sai ya dawo gida da karyayyar zuciya, ga lakkwal ta wuce shi, ga awaki sun tafi. Daga nan ne wasu ke fara rage shekaru a takardar haihuwa, alhali tun 2009 FIFA na amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin hannun 'yan ƙasa da 17.

Dubi waɗanda suka ci nasara. Moussa Maâzou ya bar ASFAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, yana dab da shekara 20. Sadio Mané ya bar ƙauyensu Bambali, ya goge a Génération Foot ta Dakar, sai a 2011 ya tafi Metz.

Na san mi za ku ce: Bune na nesa, wa zai zo ya ga ɗanmu? Gaskiya ne, wallahi. Amma maganin shi ne mu raya gasar makarantu da ta unguwanni, hukumar komin ta gyara mana fili, yaro ya samu kulob mai lasisi ƙarƙashin FENIFOOT. In ya kai 15 ko 16, yana kolej, ƙafa ta zauna, sai a kai shi a gwada.

Ko a lokacin ma, ku tambaya: wa ya shirya? FENIFOOT ta san da zancen? Don mi ake biyan kuɗi? Kulob ɗin da ke son ɗanka da gaske shi ke kashe kuɗi, ba kai ba.

Mu da muka tashi cikin dabino mun sani, ba a yanke shi ɗanye don kasuwa ta ci. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya raya mana yaranmu.