Tukunyar tangaran a cikin obin: abin da ya kamata uwargida ta sani



A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantinmu na magani da ƙuna a bayan hannu, ta lafta masa man goge baki. Da na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce tun dare ta haɗa naman farfesu a tukunyar tangaran ta ajiye a firji. Da safe ta kunna obin ya ɗau zafi, ta ciro tukunyar da sanyinta ta zura. Ba a jima ba ta ji ƙara. Ta kai hannu za ta ciro, gindin ya rabu, romo ya kwaro mata. Ta ce da ni, "Anti, ai an ce min tana shiga obin."

Wanda ya faɗa mata bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa zancen ba ne.

Tukunyar da muke magana a kai ita ce ta cikin na'urar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, wadda da yawa ke kira da sunan Crock-Pot. Na'urar kashi uku ce: gindin ƙarfe mai waya, tukunyar tangaran da ake cirewa, sai murfin gilashi. Kamfanin Crock-Pot ya ce tukunyarsa ta tangaran tana iya shiga obin har zuwa digiri 400 a ma'aunin Amurka, wato kusan digiri 200 a ma'aunin da muke amfani da shi, amma ba tare da murfin ba. Idan obin ɗinki na gas ne mai lambobi, lamba 6 ita ce wajen digiri 200. Sai dai wannan maganar kamfani ɗaya ce. Ki duba takardar da ta zo da taki, ko rubutun da ke ƙarƙashin tukunyar. Idan gwanjo kika saya, babu takarda babu rubutu, ki juye abincin a wani mazubin da kika tabbatar na obin ne.

Me ya fasa tukunyar wannan baiwar Allah? Tangaran an gasa shi da wutar da ta ninka ta obin ɗin gida sau da yawa, don haka yana jure zafi. Abin da ba ya jurewa shi ne sauyi na farat ɗaya. Zafi yana ratsa tangaran a hankali. Idan kika sa tukunya mai sanyi a wuri mai zafi, bayanta zai buɗe alhali cikinta na nan a takure, sai ta tsage. Kamar dai kofin gilashi ne da aka zuba wa tafasasshen ruwa lokacin hunturu.

Don haka ga abin da za ki kiyaye. Idan tukunyar daga firji take, ki bar ta ta sha iska kamar minti 30, sannan ki sa ta a obin tun bai ɗau zafi ba, su ɗumama tare. Kada ki wuce digiri 200, ni ma na fi son 160 zuwa 180. Ki ajiye murfin gilashin a gefe domin maɗaukinsa na roba ne, zai narke. Ki rufe da takardar alminiyam. Kada ki kunna wutar saman obin ta gashi. Kada ki ɗora ta a kan risho, gas ko gawayi, domin harshen wuta wuri ɗaya yake duka. In kin sauke, ki ajiye ta a kan katako ko tawul busasshe, ba a kan tayil mai sanyi ko jiƙaƙƙen wuri ba. Kuma ki bari ta huce kafin ta ga ruwan wanke-wanke.

Na san abin da ke sa yawancinmu wannan dabara: ɗauke wuta. Kin ɗora girkin awa shida, ana awa biyu wuta ta tafi. Idan kina gida, ki ƙarasa girkin nan take. Tunda tukunyar na da ɗumi, za ta iya shiga obin mai matsakaicin zafi, ko ki juye a tukunyar ƙarfe ki ɗora a gas. Amma idan kin fita aiki kika dawo kika tarar da wuta ta tafi, ba ki san tun yaushe ba, to naman nan ba na ci ba ne, ko da kuwa ya yi kama da dafaffe. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma naman da ya wuce awa biyu a wannan yanayi abin tsoro ne. Wasunsu suna barin guba wadda sake tafasawa ba ya kashewa. Na san tsadar nama a yau, amma kuɗin ƙarin ruwa ga yara uku masu amai da gudawa ya fi kuɗin kilo ɗaya.

Sai maganar tsagewa. Ki ɗaga tukunyarki a haske ki duba. Idan kika ga layin tsaga, ko da siriri ne kamar gashi, ta gama aiki a kicin. Romo da maiƙo suna shiga tsagar inda soso ba ya kaiwa, kuma wata rana za ta rabu a hannunki cike da abinci mai zafi. Kada ki liƙe ta da gam. Haka kuma ki guji dafa abinci a kwanukan tangaran na ado masu zane waɗanda ba ki san asalinsu ba. Wasu ana sa dalma a shafen da ke sa su ƙyalli, kuma zafi da abinci mai tsami irin tumatir da tsamiya suna fito da ita. Gubar dalma ta fi illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara da masu juna biyu.

Idan tsautsayi ya faru aka ƙone, ki tara wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ki cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ban da ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri. Suna ƙara wa fata rauni, suna kuma jawo ruɓa. Kada ki fasa bororon. Ki rufe da tsumma mai tsabta mara gashi, a sha farasitamol don raɗaɗi. Idan ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko kuma ƙaramin yaro ne, a tafi asibiti ba tare da jira ba. Ita ma baiwar Allah da na ba ku labarinta, bayan mun wanke man goge bakin, asibiti na tura ta saboda a hannu ne.

Kafin girkinki na gaba, ki juya tukunyar ki karanta abin da ke ƙarƙashinta, ki duba ko akwai tsaga. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.