Motar da ba ta da direba: a wuyan wa alhaki zai rataya?

A ƙasar Kwaya, cikin gundumar Magarya, kowa ya san amalanken da ke komawa gida da almuru ranar kasuwa. Yaron da ke tuƙi ya gaji, barci ya kwashe shi bisa buhunan hatsi, amma shanu sun san hanya, suna tafiya har ƙofar gida. In an isa lafiya, sai godiya ga Allah. In kuwa sa ya ratse ya shiga gonar wani, ko ya take akuya, ba wanda ke kai ƙarar sa wurin mai gari. Mai amalanken ake kira, shi ke biyan ɓarna. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce: duk abin da ke tafiya bisa hanya yana da mutumin da alhakinsa ke wuyansa. Yau ga shi a ƙasashen da suka ci gaba wajen ƙere-ƙere an fito da motar da ke tuƙa kanta, kujerar direba wayam. Ya kamata jama'a da mahukunta su dubi wannan al'amari tun bai iso ba.

Ga yadda motar ke aiki. An ɗora mata kyamarori, da radar, da wata na'ura mai harba haske tana auna nisan duk abin da ke kewaye da ita. Kwamfutar da ke cikinta tana haɗa abin da na'urorin suka gani da taswirar hanya, sa'an nan ta yanke shawarar juya sitiyari, ko taka birki, ko ƙara wuta. A shekarar 2004 ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya gasar irin waɗannan motoci cikin hamada, amma ba wadda ta kai ƙarshe. Wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba. A 2005 motar jami'ar Stanford ta ci gasar. Kamfanin Google ya fara nasa aiki a 2009, aikin da ya zama kamfanin Waymo, wanda ya soma ɗaukar fasinja ba direba a yankin birnin Finiks a 2020. A ƙasar Sin kuma, kamfanin Baidu ya zuba taksi irin wannan a birnin Wuhan.

Masu ƙera motar suna da hujja mai nauyi, kuma adalci ne a saurare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Yankin Afirka, wanda ke da kashi 3 kawai cikin 100 na motocin duniya, shi ke ɗauke da wajen kashi 19 cikin 100 na waɗannan mace-mace. Duk wanda ya saba bin hanyar Damagaram zuwa Magarya ya san dalilan: gudu fiye da kima, lodin da ya wuce ƙa'ida, direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, da wanda ya sha ƙwaya don ya kore barci. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta rige-rigen fasinja. In har za ta rage yawan gawawwakin da ake kwasa bisa hanya, to ba daidai ba ne a kore ta don kawai baƙuwa ce.

Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ranar 18 ga watan Maris na 2018, da dare, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka hanya tana tura keke, ta mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa motar ta hangi matar fiye da daƙiƙa 5 kafin ta buge ta, amma kwamfutar ta kasa tantance ko mota ce, ko keke, ko wani abu dabam. Waɗanda suka tsara ta ba su sa mata lissafin mutumin da ke tsallakawa inda ba a shata wurin tsallakawa ba. To, a ƙauyukan Kwaya ina aka shata wurin tsallakawa? Hanya rairayi ce da jar ƙasa, damina na sake mata kama kowace shekara. Garken awaki, jaki da tulunan ruwa, ɗan kabu-kabu ɗauke da mutum uku, yara na wasa a bakin gari, ga ƙurar hunturu da ke rufe ido. Kwamfuta abin da aka koya mata kaɗai ta sani, kuma bisa titunan Amurka da Sin aka koya mata.

Abin da ya biyo bayan haɗarin ya fi haɗarin kansa ba da darasi. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da laifin kisa ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar gaba don ta sa ido, ita aka kai kotu, a 2023 aka yanke mata shekara 3 ƙarƙashin sa idon hukuma. Laifi ya sauka kan ƙaramin ma'aikaci. A watan Oktoba na 2023 kuma, a birnin San Faransisko, wata motar kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa wajen mita 6, bayan wata mota mai direba ta buge ta ta jefa ta gabanta. Hukumar jihar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, tana zarginsa da rashin bayyana dukan abin da ya faru. In haka ta samu mutanen da ke da lauyoyi da jaridu a ƙofar gida, yaya manomin Kwaya zai yi ƙarar kamfanin da ke bayan teku?

Shari'ar da jama'ar wannan ƙasa suka gada ta daɗe da warware irin wannan tambaya. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantarwa cikin Risala a makarantun zaure, sun ɗora lamunin abin da dabba ta take kan wanda ke bisanta, ko mai janta, ko mai korarta. Dokar zamani ma haka ta bi. Yarjejeniyar zirga-zirga bisa hanya da aka sa wa hannu a birnin Biyana a 1968 ta wajabta wa kowace mota mai tafiya ta kasance da direba mai iko da ita. Sai a 2022 aka yi mata gyara don buɗa wa motar da ke tuƙa kanta ƙofa. Ingila ta kafa doka a 2024 wadda ta ce idan mota na tuƙa kanta, alhakin tuƙin yana kan kamfanin da aka ba izini, an sauke shi daga kan wanda ke zaune ciki. Dokar hanya ta Nijar da tsarin inshora na CIMA, wanda ƙasashen yankin suka kafa a 1992, duka an gina su bisa zaton akwai mutum riƙe da sitiyari. Jandarma zai tambayi lasisin wa? Iyalan mamaci wa za su zauna da shi kan maganar diyya?

Akwai wata tambaya mai wuya fiye da wannan. Idan haɗari ya zama tilas, mota ta kauce wa yaro ta buge tsoho, ko ta kare fasinjanta ta faɗa kan masu tafiya ƙasa? Direba yana yanke wannan cikin ƙiftawar ido, tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ita kuwa na'ura, wani ne ya rubuta mata amsa tun a ofis. Masu bincike na jami'ar MIT sun tara amsoshi wajen miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233, suka buga sakamakon a 2018, kuma ya nuna al'ummomi sun sha bamban: wasu sun fi karkata ga ceton yaro, wasu ba su yarda a raina ran tsoho ba. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa ya fitar da ƙa'idodi 20 a 2017, ciki har da haramta bambanta mutane saboda shekaru, ko jinsi, ko lafiyar jiki, da kuma fifita ran mutum bisa dabba da dukiya. Ƙa'idodi ne masu kyau da suka dace da addini da al'ada. Sai dai san noma guda shi ne jarin gida sukutum, saboda haka dokar da ta yarda a buge sa don a ceci mutum dole ta faɗi wanda zai biya san.

Sai maganar abinci. Mota guda da ke zuwa kasuwar Magarya, ko ta ɗauki dabbobi daga Dungas zuwa Maigatari ranar Alhamis, baki nawa take ciyarwa? Direba, yaron mota, ɗan kamasho a tasha, masu lodi, bakanike, mai faci, mai sayar da abinci. A Wuhan, tun 2024 direbobin taksi suka fara kukan an ƙwace musu abinci. Dattawa suna tuna yadda manyan motoci suka karɓe jigilar gyaɗa daga hannun masu raƙuma da jakuna. Amma a wancan karo ɗan madugu yana iya koyon tuƙi, kuɗin kuma ya tsaya cikin gari. Motar da ba ta da direba kuɗinta asusun kamfani yake tafiya. Bayan haka, aikin direban karkara ya wuce juya sitiyari. Shi ke kai saƙo, shi ke ɗaukar tsohuwa bashi har kaka, shi ake tadawa tsakar dare a kai mai naƙuda asibiti, shi ke tsayawa a yi salla. Ba a rubuta wa kwamfuta tausayi ba.

Kada a ce abin yana da nisa. Wayar salula ma an ɗauke ta kayan birni, yau ga ta a hannun makiyayi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya tsofaffin motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Abin da aka ƙera yau a can, bayan ƴan shekaru nan zai ƙare, na'urorinsa sun tsufa, ba mai gyara su. Tun yanzu akwai motocin da ke taka birki ko riƙe layi da kansu, direba ya sakankance alhali motar ba ta cika tuƙa kanta ba.

Don haka ga abin da ya dace. Na farko, kada a ba irin wannan mota izinin hawa hanya sai an rubuta sunan mutum ko kamfanin da ke zaune cikin ƙasa, wanda kotun Magarya za ta iya kira, kuma ya ajiye kuɗin diyya. Na biyu, a gwada ta bisa hanyoyin karkara, rani da damina, ƙarƙashin idon hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, bayanan da ta naɗa kuma su kasance a buɗe ga alƙali. Na uku, a shawarci ƙungiyoyin direbobi da sarakuna da malamai kafin a rubuta doka, a kuma tanadi koya wa matasa gyaran sababbin na'urori. Na huɗu, kada jiran na'ura ya sa a manta da aikin yau: gyaran hanya, binciken birki da taya, hana lodin ganganci, hular kwano ga masu babur. Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna da rabo a nan, domin wanda ya iya karanta allon hanya da takardar inshora shi zai wayar da kan maƙwabcinsa.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amurka ta bar motar ta hau titi kafin ta gama tsara doka, wata baiwar Allah ta biya da ranta. Nijar tana da sararin da za ta fara da doka. Mutanen Kwaya ba su taɓa yarda sa ya yi ɓarna mai shi ya ce ba ruwansa ba, kuma wannan hukunci ne ya cancanci motar da ke tuƙa kanta. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.