Riƙon Marainiya: Amana Ce Ko Bauta?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne tunawa da wata ƙawata da muka tashi tare a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Kwali, a nan Babban Birnin Tarayya. Zan sakaya sunanta. Ajinmu ɗaya a firamare, kuma duk jarrabawa ita ke zuwa ta ɗaya, mu sai dai mu biyo baya. Muna aji huɗu Allah Ya yi wa mahaifinta rasuwa. Da mahaifiyarta ta fita takaba sai ta yi aure a wani gari, baffanta kuma ya ɗauke ta riƙo.

Tun daga ranar makaranta ta ƙare mata. 'Ya'yan gidan su sa kayan makaranta su fita, ita kuwa ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, sannan ta ɗauki tiren gyaɗa zuwa bakin titin Abuja zuwa Lokoja. Tana da shekara 12 wata dillaliya ta kai ta aikatau wani gida a cikin birni. Matar baffan ke karɓar kuɗin wata, wai ana tara mata na kayan ɗaki. Tana cika 15 aka aurar da ita ga wani dattijo, ta zama ta uku, ba wanda ya tambaye ta ko tana so. Dalilin da aka bayar shi ne ba ta da gata, ɗan mai hali ba zai nemi 'yar aiki ba, gara ta gode Allah da ta samu mijin. Gonar mahaifinta kuwa, tuni aka sayar wa masu neman filaye, ko sisi ba ta gani ba.

Na san wani zai ce ai baffan ma talaka ne, kuma ya yi ƙoƙari da ya ciyar da ita. Ban musa talauci ba, kuma na san gidaje da yawa da suka riƙi marayu tsakani da Allah. To amma in talauci ne, me ya sa bai hana 'ya'yan cikinsa karatu ba? Kuma da ɗan'uwan nasa namiji ya bari, da a idon jama'a za a sayar da gonar kowa ya yi shiru? Masu iya magana sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin takaici, ba rashin doka ne ya jawo haka ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana tura yaro aikatau gidan da ba na danginsa ba, ta kuma hana ɗora masa talla a manyan tituna. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye da masu riƙo su kai yaro makaranta shekara 9 kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A Abujar nan aka sa wa dokokin hannu, amma har yau ba su iso zauren mai unguwarmu ba.

Ta fuskar addini ma hujja ta ƙare mana. Suratun Nisa'i ta yanka wa 'ya mace kasonta na gado, har rabin dukiya idan ita kaɗai mamaci ya haifa. Ta umarci mai riƙo ya mayar wa maraya dukiyarsa a gaban shaidu idan ya yi hankali, ta kuma yi wa mai cin ta da zalunci alkawarin wuta. Mu dubi tarihinmu. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, matan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka raine ta. Gidan ya ba ta ilimi, ita kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajojinta ƙauyuka suna karantar da mata. Riƙo na gaskiya ke nan.

Saboda haka, shawarata ga masu unguwanni da limamai ita ce, duk ranar rabon gado a rubuta kason marainiya a takarda, a sa shaidu, a ba mahaifiyarta kwafe ɗaya. Wanda zai ɗauki riƙo kuma ya yi alkawarin makaranta a gaban jama'a kafin a miƙa masa yarinya. Iyayenmu mata na birni masu ɗaukar 'yan aiki, don Allah ku tambayi kanku ko 'yar wane ce ke muku wanke-wanke, kuma hannun wa kuɗinta ke shiga. Mu ɗalibai kuwa, idan mun je hutu mu leƙa gidajen danginmu, mu tambayi ajin da marainiyar gidan take. Tambayar kaɗai tana sa mai riƙo ya san akwai ido a kansa.

Hutun da ya wuce na haɗu da ƙawar tawa a kasuwar Gwagwalada, da goyo a bayanta, tana riƙe da hannun babbar 'yarta. Ta karɓi littafin da ke hannuna ta karanta sunansa tsaf, sannan ta ce in taimaka mata ta sa yarinyar a makaranta. Na yi mata alkawari. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.