Aljeriya ko Maroko? Ni dai a fara kai gas Kano

Makon jiya gardama ta kaure a ɗakinmu kan bututun gas: wa ya kamata Najeriya ta bi, Aljeriya ko Maroko? Har da masu rantsuwa, kai ka ce gadon ubansu ake rabawa. Ni ina ganin duk mun tsallake tambayar da ta fi shafarmu.

Ga yadda abin yake. Bututu na farko zai ratsa Sahara, ta Nijar zuwa Aljeriya, sama da kilomita 4,000. Tun 2009 aka sa hannu a Abuja, aka jingine takardun. Na biyu ya taso ne da ziyarar Sarki Muhammad na Shida a 2016, zai bi gaɓar tekun Atlantika ta ƙasashe fiye da goma har Maroko. Ƙasashen nan biyu kuwa ba sa ga-maciji saboda rikicin Yammacin Sahara. A 2021 Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko, ta kuma daina tura gas ta bututun da ke ratsa Marokon zuwa Sifen. Da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, Turai ta shiga neman gas ido rufe, sai ga ministocin Najeriya da Nijar da Aljeriya sun kakkaɓe tsohuwar yarjejeniya sun sake sa hannu. Ba son mu ake ba, 'yan'uwa. Kowa so yake famfon Turai ya kasance a hannunsa.

Mai shakka ya dubi maƙwabta. Kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa bututun mai kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar Seme a Benin. A 2024, da Nijar ta ƙi buɗe iyakarta, Benin ta hana a loda man na wani lokaci. Mai naka, amma sai maƙwabci ya ga dama ka sayar. Yanzu ka ƙiyasta bututun da zai bi ta ƙasashe goma sha wani abu, kowace da zaɓenta da sojojinta.

To mu fa? Akwai bututun AKK, daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614. Buhari ya ƙaddamar da aikin a Yunin 2020, an kuma sha ɗage ranar kammala shi. Shi ne ma ake sa ran za a zarce da shi zuwa Nijar, wato ko na Saharar ba ya yiwuwa sai da shi.

Na yi aikin sanin makama a wata masana'antar roba a Sharaɗa. Wallahi rabin injinan a kashe suke, ba don sun lalace ba, sai don kuɗin dizal. Ogan da ya koya mini aiki cewa ya yi kada in sa rai da ɗauka, su ma ragewa suke yi. Je ka Kakuri ka ga masaƙun da iyayenmu suka yi aiki, ciyawa ta cinye harabarsu. Wuta ba ita kaɗai ta kashe su ba, na sani, akwai atamfar waje mai araha, amma ba masaƙar da za ta farfaɗo a kan janareta.

Kada a ce ina ƙin sayar da gas waje. Muna buƙatar dala. Tsorona shi ne bututu ya wuce ta bayan gidanmu zuwa Turai, mu kuma muna karatun jarrabawa da fitilar waya. Kafin a sake sa hannu da Rabat ko Aljiyas, a faɗa mana a rubuce nawa za a ware wa tashoshin wuta da masana'antun Kaduna da Kano, kuma a kan wane farashi. Nan da 'yan watanni zan karɓi difloma, kuma Sharaɗa zan fara kai takarduna.