Candida auris: ƙwayar cutar da ta gagari magungunan asibiti

A shekarar 2009 likitoci a Japan suka gano wata ƙwayar cuta ta dangin yis a kunnen wata majinyaciya, suka raɗa mata suna Candida auris. Shekara 13 bayan haka, a Oktoban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin rukunin da ya fi haɗari a jerin cututtukan naman gwari.

Abin da ya ɗaga hankalin masana shi ne taurin kanta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na samfuran da aka gwada a can ba sa jin fluconazole, kusan kashi 30 kuma sun gagari amphotericin B. Magungunan irin wannan cuta da ta shiga jini rukuni uku ne kacal, na ukun kuwa allura ce mai tsada wadda ba kowane asibiti ke ajiye ta ba.

Binciken ƙwayoyin gadonta ya fito da wani abin mamaki. Ba daga wuri guda ta bazu ba. Zuriyoyi huɗu mabambanta ne suka ɓullo kusan lokaci ɗaya a Kudancin Asiya, Gabashin Asiya, Afirka ta Kudu da Kudancin Amurka, daga baya aka sami ta biyar a Iran. Amfanin wannan sani a aikace yake: idan samfuran majinyata biyu a ɗaki ɗaya suka zo kusan iri guda, to a cikin asibitin aka ɗauke ta, ta hannun ma'aikaci, ko ƙarfen gado, ko ma'aunin zafi. Takan yi makonni manne da kaya. Asibitin Royal Brompton na Landan sai da ya rufe sashen masu tsananin jinya a 2016 saboda ita.

Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya tabbatar da ɓullarta a Najeriya. Inda gizo ke saƙa shi ne ganewa, domin tsofaffin na'urorin gwaji kan ɗauke ta a matsayin wata 'yar'uwarta, sai a ba majinyaci maganin da ba zai yi aiki ba. Ga kuma fluconazole da ake saye a kemis ba takardar likita, kamar farasitamol, alhali yawan shan magani barkatai ne ke ba ƙwayoyin da suka jure masa damar yaɗuwa.